Igiyar da na ja a gonar raguna

Shekarun baya, lokacin ina aikin ɗaukar kaya a wani sito da ke Wendover, cikin birnin Greensboro, abokina ya zo mini a firgice. Shi ke samo wa mutanenmu mazauna ƙasar waje ragunan layya a wata gona a McLeansville, can bayan gari, da wannan yake rufa wa iyalinsa asiri. Sallar da ta wuce an yi rububi, an tattake wa mai gonar shuka, wani ma ya tafi da cinyar ragon wani. Mai gonar ya ce in aka sake, kada ya ƙara ganin ƙeyarmu.

Na ce, "Haba aboki, kwantar da hankalinka, ai ka zo gidan tsari."

A wurin aikinmu na ga yadda ake zana tafiyar kaya daga shigowa har fita. Na samo bayan kwali na ja layi a tsakiya. Sama, abin da mai saye zai gani: ya zo da mota, ya faɗi lambarsa, a miƙo masa nama. Ƙasa, abin da ba ruwansa da shi: yanka, fiɗa, wankin kayan ciki, duk a bayan rumfa. Inda layin yake, na ce a ɗaura igiya. Ranar har tafiyata ta canza, sai ka ce ni na gina Greensboro.

Ana saukowa daga idi, motar farko ta tsaya. Wani dattijo ɗan Damagaram ya fito da babbar riga, da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Na tare shi a bakin igiya.

"Alhaji, ku koma mota ku huta, za a kawo muku."

"A kawo mini me, ɗana?"

"Naman, Baba. A gyare tsaf."

Ya dube ni ya ce, "Nama ai akwai shi a kanti. Duk shekara, yau kaɗai nake jin kamar ina gida. Ita ma za ka ce in zauna a mota?"

Na waiga, duk motocin baya an buɗe ƙofa, kowa ya nufo igiya. Ga mai gona can ya harɗe hannu yana kallonmu. Na ce shi ke nan, na kashe wa abokina sana'a.

Sai ga abokina ya iso. Ya kwance igiyar, ya matsar da ita baya, yanka ya dawo fili, fiɗa kaɗai ta rage a ɓoye. Ya ɗaga murya: "Gida ɗaya-ɗaya, jama'a! Ka yanka naka, ka koma inuwa!" Aka bi layi lafiya lau, ko ganye ba a taka ba. Da yamma mai gona da kansa ya tambayi raguna nawa za mu so baɗi.

Ni ne na danne wa Alhaji ragonsa. Ya yi bisimilla, ya yanka da hannunsa.

Zanena bai yi ƙarya ba, shi muka bi shekara da shekaru. Abin da ban sani ba a lokacin, wani aikin da kake ɗauke wa mutum don ya huta, shi ne abin da ya zo nema. Alhaji ya ƙara yin layya biyu tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma duka da hannunsa ya yanka.