Hancin Doña Eduviges

Ƙarfe shida na safe, kafin masu abinci su gama jera tukwanensu a bakin kasuwar San Andrés, Doña Eduviges ta riga ta ɗora ruwa a wuta a bayan ɗan gidan macizan unguwarmu. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba ita ke ciyar da macizan ba, ba ita ke ɗaga su a ɗauki hoto ba. Nata shi ne wanke musu kayan ɗaki: ƙoƙon kwakwa da aka tsaga biyu, tukunyar ƙasa da aka yi wa ƙofa, reshen gwaba, kwanon ruwa. Masu kiwon mesa a gida ma nan suke kawo nasu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, mu dai namu ba shi da ƙafa.

Na daɗe ina mamakin aikin nan nata. Ta kankare, ta wanke da ruwan zafi da farin sabulu, ta ɗauraye sau uku, ta shafa ruwan khal mai tsami, ta sake ɗaurayewa, ta shanya a rana. Rassan kuwa sai ta kai gidan burodi a sa mata a tanda bayan wuta ta lafa. Sannan ta ɗauki kowanne ta kai hanci. Kuma a kowane keji takan bar abu guda ba ta wanke ba. Na taɓa tambayarta dalili.

"Kai idan ka dawo gida ka tarar an sauya maka komai har matashin kai, za ka iya barci?" ta ce. "Maciji da harshe yake gane gidansa."

Wanda ya fi kowa sanin darajarta shi ne Don Casimiro, tsohon direban bas. Yana da mesa mai suna Chata, shekara goma sha tara suna tare, kuma tukunyar da take kwana a ciki marigayiya matarsa Remedios ce ta gina. Bara 'yarsa Marisela ta zo daga birni ta wanke gidan tas, wanki irin namu. Mu nan ba ma yarda gida ya wanku sai koren ruwan goge daɓen nan mai ƙamshi ya sa mutum atishawa. Har tukunyar Chata ta samu rabonta.

Chata ta ƙi shiga tukunyar, ta ƙi abinci, ta kwanta a lungu baki buɗe tana numfashi da ƙyar. Likitan dabbobi ya ba da magani, shiru. Da aka kira Doña Eduviges, ko kallon mesar ba ta yi ba, tukunyar ta ɗauka ta shinshina.

"Wa ya yi wa wannan wanka da turare?"

"Ni ce, Doña," in ji Marisela. "Wari take yi."

"Warinta ne, 'yata. Ke aka ce ki kwana a ciki? Abin da ke miki ƙamshi, ita huhu yake ƙona mata."

"To a sake wanke ta mana," in ji Don Casimiro.

"Ƙasa ta riga ta sha, Don Casimiro. Ko sau goma na dafa ta, ba za ta koma kejin nan ba."

"Remedios ce fa ta gina ta da hannunta."

"Na sani, ni na auna mata faɗin ƙofar. Zaɓi ɗaya: tukunyar ko mai kwana a ciki."

Tsohon ya ji zafi, kwana biyu bai gaishe ta ba. Ita ko a jikinta. Ta mayar da Chata cikin kwali mai tsabta, ta tono tsohon reshen gwaba da Marisela ta jefar a bayan gida ba a wanke ba, ta kakkaɓe ta sa mata. Rana ta goma sha ɗaya Chata ta ci ɓera. Tukunyar tana nan a barandar gidan, an shuka fure a ciki.

Ke ce mai gyaran ɗakin wanda ba ya godiya, Doña. Ke ce kika koya mana cewa ƙamshi daban, tsabta daban. Watan jiya kika shinshina kwanon da aka jiƙa da bilic, ruwan wankin nan mai hawa kai, ba ki ji komai ba. Ba wanda ya gani, da kin yi shiru da babu mai sani. Amma kika cire rigar aiki kika ce, "Hancina ya riga ni ajiye aiki." Na ji baƙin ciki ranar, kuma girmanki ya ƙaru a idona.

Mun gode, Doña Eduviges. Duk mai kiwon abin da ba ya iya kai ƙara, ya yi koyi da ke.

Ranar Asabar, ranarta ta ƙarshe a bakin aiki, na tarar da ita zaune a gefe, Marisela ce durƙushe gaban baho tana koyon aikin. Doña ta miƙa mata ƙoƙon kwakwa da ya bushe.

"Me kika ji?"

Marisela ta shinshina, ta sake shinshinawa. "Ba komai, Doña."

"To ya wanku. Ɗauki na gaba."