Illo Ya Auna Gulbi da Ƙafa

Duk wanda ya taɓa ƙetare fadamar Rima da damina daga gefen Sakkwato ya san Illo mai fito. Ko bai san sunansa ba ya san muryarsa, don mutum ne da bai iya tuƙi baki rufe ba. Gidansa na Ƙofar Kware, Basarke ne gaba da baya, ɗan gidan masu aikin ruwa, kuma ubansa da gora ya yi fito shekara arba'in. Shi kuwa tun yana saurayi ya rantse ba zai tsufa yana tura jirgi da ƙirji ba. Ya tafi Kalambaina ya yi shekara goma sha ɗaya yana lodin siminti, sai da bayansa ya soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa sannan ya dawo gida da kuɗin inji. Shi ya fara ɗaura wa jirgi inji a mashigarsu, ranar har rawa ya taka a bakin ruwa.

Illo da son na'ura sai dai a yi shiru. In dai abu yana da maɓalli, ko yana kawo wuta ja da kore, to an gama da shi. Matarsa Mairo ta sha cewa da ana sayar da hankali mai batir, da tuni ya sayo biyu ya ajiye ɗaya. Shi dai dariya yake yi, ya ci gaba da kwance rediyon da bai lalace ba.

Abin da ya same shi kuwa ba na dariya ba ne. Fadamar nan da rani lambu ce, albasa da tumatir da tattasai iya ganinka. Masu lambu suna kafa bututun ƙarfe a ƙasa su jona inji su jawo ruwa. In damina ta yi nisa gulbi ya tumbatsa, sai ruwa ya shafe komai, bututan nan suna tsaye a ƙarƙashi, babu mai ganinsu. Mai gora yana tafe yana taɓa ƙasa, gorar na gaya masa abin da ke ƙasa. Inji kuwa ina ruwansa, gudu kawai ya sani. Daminar bara Illo ya ɗauko mata tara daga Tungar Ladan, ƙauyen da ke ƙetare, da ƙuli-ƙulinsu da man gyaɗa za su kasuwa, jirgi ya hau bututu ya tsage. Allah ya tsare, ruwan wurin iya ƙirji ne, ba a rasa rai ba. Amma kaya sun tafi, mai ya yi ta yawo a kan ruwa, mata suka fito suna kuka suna tari.

Inna Tasalla ce babbar matan nan, tsohuwa ce mai kaifin baki wadda ta san uban Illo. A jiƙe sharkaf ta tsaya bakin ruwa ta ce muddin tana numfashi babu macen Tunga da za ta sake taka jirginsa. Haka kuwa aka yi. Ya gyara jirgi, ya shafa masa sabon fenti, amma sauran daminar nan a zaune ya ƙare ta, yana kallon Jelani mai gora yana kwasar mutane. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya san in wata damina ta sake wucewa haka, sayar da inji zai yi ya koma ɗaukar buhu yana da shekara hamsin da biyu, da bayan da ko ruku'u sai ya dafa gwiwa.

Ana cikin sanyi wani maƙwabcinsa ya nuna masa bidiyo a waya: masuntan teku da wani ɗan akwati mai allo a gaban jirgi, yana nuna musu inda suke da inda dutse yake. Illo ya kalla ya fi sau goma. Washegari ko karyawa bai yi ba ya hau babur sai Mabera, shagon Muntari, wanda ke sayar da kayan sola kuma yana yi wa mutane odar kaya daga Legas. Muntari ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa tambayarsa wannan abu ba, amma a ba shi kwana biyu. Illo ya ba shi kwana ɗaya da rabi ya dawo.

Kala uku Muntari ya samo, ya nuna masa hotunansu. Na farko allonsa ya kai faranti, da yatsa ake shafa shi kamar babbar waya, yana ɗauke da taswirar teku kaf. Illo ya ga wannan ya ji duniya ta yi masa daɗi, har ya fara tunanin inda zai kafa shi. Da aka faɗi kuɗin sai ya nemi benci ya zauna, don ya fi jirgin da injin tsada in an haɗa. Na biyu har kifi yake nunawa a ƙarƙashin ruwa. Wannan ma ya shiga ransa, sai dai Muntari ya tuna masa cewa mutane yake ɗauka ba tarwaɗa ba. Na ukun ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, ɗan Kwatano, gefensa duk ya goge. Kuɗin raguna biyun da Mairo ta yarda a sayar, nan kaɗai suka kai.

Sai Illo ya yi tambayar da ta kawo shi: a nuna masa Rima a ciki. Muntari ya sa abokin cinikinsa na Legas ya kunna babban ya ɗauko hoton allon. Ga Sakkwato, ga wani siririn zare shuɗi, shi ke nan. Fadama duka tudu aka zana ta. Babu bututu, babu kututturen giginya, babu Tungar Ladan ma. Ran Illo ya ɓaci, ya miƙe yana faɗa, wai mutanen da suka ƙirga duwatsun teku sun kasa sanin gulbin da ya ci masa jirgi. Har ya kai ƙofa Muntari ya kira shi.

"Kawu, tsaya ka ji. Duk cikinsu babu wanda ya san gulbinka. Amma ko wanga ƙaramin, in ka tsaya wuri ka danna mashi, ba ya mance wurin har abada."

Illo ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje. Ya tambaya ko lalle sai a kan ruwa abin ke aiki. Muntari ya ce a'a, shi dai sama yake saurare, ko kan jaki aka ɗora shi zai yi. Nan take Illo ya dawo ya zauna. Daga nan tambayoyinsa suka zama na mai fito. Ana ganin allon cikin rana tsaka? Ana gani. In ruwa ya fantsama masa fa? Ba ya shiga. Batirin babur zai ɗauke shi? Zai ɗauka, yini guda cur. Maɓallai gare shi na dannawa, wanda ya fi masa, don jiƙaƙƙen yatsa ba ya shafa allo. Matsala ɗaya, Illo ajami ya iya, bai iya boko ba, balle ya rubuta sunan wuri. Sai aka ga abin yana da 'yan hotuna: ya zaɓi jan gicciye ya zama bututu, ɗan itace ya zama kututture, da'ira ta zama tsohuwar rijiya. Muntari ya ja masa kunne cewa akwatin yakan kuskure da taku uku ko huɗu, kada ya matse wa alama. Illo ya ce ko tsawon jirgi biyu zai ba ta.

Akwati ya iso farkon bazara, lokacin da rana ke dafa mutum a tsaye. Illo ya saka batir a jaka ya rataya, ya ɗora malafa, ya gangara fadama da ƙafa. Inda jirginsa ke bi da damina, nan yake takawa yanzu tsakanin fangalin albasa. Duk bututun da ya gani sai ya je ya tsaya a kansa ya danna, akwati ya yi ɗan ƙara, shi kuma ya ce masa madalla kamar yana jinsa. Murna ta hana shi lura da yadda masu lambu ke miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna bin sa da ido.

To, ka san mutumin fadama da gonarsa. Ya ga mutum da na'ura yana tsayawa a kan iyaka yana dannawa, me zai ce in ba awon fili ba? Kafin azahar labari ya zaga cewa an ba Illo kwangilar auna fadama za a ƙwace a yanka filaye. Kwana na biyu yana duƙe kan wani bututu ya ɗago ya ga mutum kusan ashirin sun kewaye shi, wasu da fartanya a kafaɗa. Wani dattijo ya tambaye shi nawa aka biya shi ya sayar da su. Illo ya tsorata, ba ƙarya, bakin nan da ba ya rufuwa sai da ya bushe. Da ƙyar ya samu ya ɗaga akwatin ya nuna musu jajayen gicciye, ya ce wannan bututun wane ne, wancan na wane, kuma shi ba ƙasa yake aunawa ba, ruwan da bai zo ba tukuna yake aunawa, don kada ya sake zubar da matan mutane.

Sai dattijon nan ya sauke fartanya ya ce ai kuwa nasa guda biyu ne, ɗaya na bayan rogo, ciyawa ta rufe shi. Shi ke nan fa, aka ɓalle. Wannan ya ja hannun rigarsa, wancan ya ce nasa za a fara zuwa. Har gardama aka yi kan wanda bututunsa ya fi haɗari, kai ka ce abin alfahari ne. Sun nuna masa rijiyoyin da aka bari tun zamanin jigo, da turakun siminti, da wani gindin giginya da ko ubansa bai taɓa ambata ba. Wani mai tumatir ya raka shi har bututun da ya tsaga jirginsa, ya ce nasa ne, yana sunkuyar da kai. Illo ya danna wannan har sau biyu. Sati uku yana wannan aiki, ya yi baƙi ƙirin, ƙafafunsa suka tsage, Mairo tana shafa masa man kaɗe tana mita. A ƙarshe ya taka hanya mai tsabta daga mashiga har Tunga, akwati ya zana ta da layi.

Ruwa ya zo cikin watan takwas. Ranar kasuwa Illo ya ƙetara tun da hantsi, ya ɗaure jirgi a bakin Tunga, akwati na kafe a gabansa cikin wata 'yar rumfar langa-langa da ya ƙera masa. Mata suka fito da kaya a kai, suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya suka shiga na Jelani. Ko gaisuwarsa wasu ba su amsa ba. Zuciyarsa ta karye, ya ga kamar duk tafiyar nan ta bazara ta tashi a banza. Jirgin Jelani ya cika ya tashi, sai ga Inna Tasalla ta fito ita kaɗai, babu kaya, ta tsaya a kansa. Ta ce ta ji labarin haukan da ya yi cikin rana, kuma ita ba a ba ta labari, gani take yi. Ta shiga ta zauna dab da akwatin.

"Kai ni wurin ƙarhen da yaz zubar da mu," in ji ta.

Ya tada inji. Ruwa shimfiɗe ja-ja-ja, ko'ina iri ɗaya, ba alamar komai. Yana tafe yana nuna mata ɗan jirgin da ke motsi a allo yana kauce wa gicciye. Da suka matso ya kashe inji, ya ɗauki gora ya lallaɓa a hankali har alamar ta zo ƙarƙashinsu. Ya ce nan ne. Ta karɓe gorar da hannunta ta caka. Laka. Ta sake cakawa gaba kaɗan, laka. Illo ya tuna taku huɗun da Muntari ya faɗa, ya shiga salati a zuci. Ta uku ma laka. Ta juyo ta harare shi, sannan ta miƙa gorar can hagu iya tsawon hannunta ta zura.

Ƙarfe ya amsa. Ta ji shi har kafaɗa. Ta sake bugawa, ya sake amsawa, bai fi kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa ba. Illo bai san sanda ya miƙe tsaye yana ihu ba, jirgi na tangaɗi, sai da ta daka masa tsawa ya zauna kafin ya sake zubar da ita. Amma ita ma dariya take yi, tana share ido da bakin gyale.

Ya juya jirgi suka koma Tunga, bai yi ƙarfin halin tambayarta batun mata ko kasuwa ba. Sai da ta taka tudu ta gyara zani sannan ta waiwayo.

"Illo, jibi da sahe ka zo. Jikata Jannatu watanta tara, asibiti za a kai ta birni. Ka shimhiɗa tabarma cikin jirgin."

Illo ya gyaɗa kai. Ya duƙa yana kwance igiyar jirgi.