Randar Yaya Tabawa da Jan Fenti

Ku da kuka tashi a Kwarbai kun san yayata Tabawa, Allah ya jiƙanta. Ba ta wuce katanga ba ta dangwala mata yatsa ba. Ko gaisuwar mutuwa muka je, sai ta tsaya tana latsa bangon mutane tana cewa, "Wannan yaɓen rago ne." Tun rasuwar mijinta ita ke yaɓe gidanta da hannunta, wai magina ba sa tsoron Allah wajen kwaɓi.

A jikin katangarta ta waje akwai gurbi, da randa a ciki, da moɗa. Mijin ne ya kafa ta sadaka saboda mutanen ƙauye masu shigowa kasuwa. Kullum Yaya ke cika ta.

Ana nan ana nan, zamanin soja, sai ƙaramar hukuma ta ce za a faɗaɗa layinmu, a zuba kwalta, a ja kwata. Ma'aikata suka zo da jan fenti suka zabga wa katangar alamar rushewa, daidai kan randar. Suna shan kwana Yaya ta kwaɓa ƙasa ta shafe. Suka dawo suka sake, ta sake shafewa. Da abin ya ishe su, babbansu ya yi sallama.

"Inna, ina alamarmu?"

"Wace alama, ɗan nan? Ni dai na ga bangona yana zubar da jini, na yi masa magani."

Sai aka turo kansila, ɗan ƙawarta ne, ita ta yi wa uwarsa wankan jegonsa. Ya durƙusa yana ta zuba: titi zai zo, fitilu za su zo, har ana maganar wata rana a shigo da ƙaramin jirgin ƙasa ta Ƙofar Doka.

Ta ce, "Jirgin zai tsaya ya ba mutane ruwa?"

"A'a, Gwaggo."

"To tashi, gwiwarka za ta yi ciwo a banza."

Na ce, "Yaya, hukuma ce fa!" Ta harare ni. "Ke Hansai, tun kina yarinya akuya ma korarki take yi."

Ran da katafila ta iso, rana kamar ta tsage ƙasa. Mun zaci Yaya za ta kwanta a gabanta. Ina! Wanke randar ta yi, ta cika ta, ta jefa jema, ruwa ya yi sanyi da ƙamshi, ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Leburori suka yi ta zuwa suna sha. Direban ma ya sauko ya sha har yana gyatsa. Da aiki ya kawo kan katangarta, sai ta miƙe.

"Bismilla, ɗana. Ka sha, ka yi hamdala. Yanzu fasa ta, ina kallo."

Direba ya kashe inji. "Wallahi ba da hannuna ba!"

Babban nasu ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ga ashe shi ma ya sha, moɗar tana hannunsa.

Katanga dai ta tafi, har da rabin zaure, kuma na ga Yaya ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce ƙura ce. Amma gurbin randar sun bar shi tsaye shi kaɗai, kwatar ta karkace ta kewaye shi. Har yau masu babur na zagin wannan kwanar, sannan su tsaya su sha.

Yanzu ni ke cikawa, da wannan bayan nawa. Ya Allah, baiwarka Tabawa ba ta bar baƙo ya wuce ƙofarta da ƙishirwa ba. Ka sanyaya makwancinta, ka shayar da ita ruwan Alkausara ran da rana za ta matso. Amin.