Haƙorana Lafiya Lau

Shekarun da na yi ina naɗe alewa a wani kamfani a Sharaɗa, benci ɗaya muke zama da aminiyata. Tare muke hawo adaidaita daga Ɗorayi, kwano ɗaya muke ci da rana. Ta ɗan girme ni, Yaya nake ce mata.

Ciwon ya fara ne wata safiya ina alwala. Ruwa na taɓa kumatuna na dama na ji kamar an jona min wayar lantarki, daga gefen hanci har kunne. Kafin in ajiye buta ya wuce. A wurin aiki kuwa, da iskar fanka ta bugi fuskata sai ya dawo, in sandare da alewa a hannu. Kowa cewa yake haƙori ne, tunda cikin zaƙi muke wuni.

Ni kuwa na taɓa ciwon haƙori, na san shi. Zugi yake ba hutu, ga kumburi. Wannan fizga ɗaya yake yi ya sake ni garau. Duk da haka na je wurin likitan haƙori. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗauki hoto, ya ce haƙorana lafiya lau, in nemi likitan jijiya. Yaya kaɗai na faɗa wa.

Da na roƙi a ɗauke ni daga ƙarƙashin fanka, shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Na tarar da Yaya a tsaye.

"Maimaita abin da kika gaya min," ya ce mata.

Ba ta dube ni ba. "Yallaɓai, likita ma ya ce lafiyarta ƙalau. Da bakinta ta faɗa min."

"Yaya, haka na ce miki?"

Ina rufe baki ciwon ya fizge ni, na dafe kumatu na durƙusa. Can ya sake ni, na miƙe. Shugaban ya yi dariya, ya ce ai ga shi har na warke.

A satin aka sallame ni. Ƙanwar Yaya, wadda Yayar ta daɗe tana nema wa aiki, aka ɗora a gurbina.

Daga baya likitan jijiya ya ce jijiyar fuska ce, shi ya sa maganin haƙori bai taɓa yi min komai ba. Ya ɗora ni a kan wasu ƙwayoyi, na samu sauƙi sosai.

Yaya ta aiko maƙwabciyarmu wai in yafe mata, ba ta san ciwon gaske ba ne. Ita da ta sha goge min hawaye da bakin mayafinta. Na ce wa matar ta gaishe ta.