Kafilin da ke Bayan Mawaƙi

Gara in faɗa da bakina kafin jikata ta riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Ba ƙaramin wawa ba kuwa, irin wanda ake shimfiɗa wa darduma a tsakiya, a zuba masa shayi kafin kowa, a yi tsit ana sauraronsa. Na daɗe a kan wannan darduma, kuma da za a mayar da ni da gudu zan koma.

Bokona aji huɗu ne, a garinmu, kafin mahaifina ya ɗauko ni muka taho aikin hajji muka yi zamanmu. Sauran Turancin a tashar jiragen ruwa ta Jidda na ƙarasa shi, inda na yi dako tun gashina yana baƙi. Malamaina kwalaye ne. Na san rubutun da ke cewa kada a kife, na san wanda ke cewa abin ciki mai fashewa ne, na san na kada ruwa ya taɓa. A unguwarmu Mahjar ta wancan zamanin wannan ya isa a kira mutum tafinta. An kira ni, ban musa ba.

Wata rana wani ma'aikacin jirgi, Bature jajir kamar an ciro shi daga tanda, ya ɓata a tsakanin rumbunan kaya yana neman jirginsu. Na raka shi har bakin tsani. Ya ce in jira, ya hau, ya sauko da kaset ɗin bidiyo ya danƙa mini. Ban sake ganinsa ba, amma duk inda yake, a ƙasa ko a ƙarƙashinta, na gode masa. Saboda wannan kaset na je kasuwar gwanjo na sayo tsohuwar na'urar bidiyo wadda sai an mare ta take kamawa.

Mawaƙan Ingila ne su biyu, waƙoƙinsu da suka yi tashe an jera su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fara ɗaure mini kai, ba makaɗi. Ba ganga, ba molo, ba wanda yake zufa. Kiɗan daga cikin wani dogon akwatin lantarki mai madannai yake fitowa, wani sauti siriri kamar na motar ɗaga kaya idan tana ja da baya, amma mai shiga jini. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai waƙa: siriri, idonsa rambaɗau da kwalli, gashinsa a tsaye kamar ya ga aljani. Shi ne mai wahala. Ya yi gudu, ya durƙusa, ruwan sama ya yi masa duka, ya shiga ɗakin waya na bakin titi ya buga ba a ɗauka ba, ya zauna a kan jakarsa a tashar jirgin ƙasa. Ɗayan kuwa kullum yana baya, a bayan akwatin, da baƙin tabarau da doguwar riga mai tsada. Ba ya magana, ba ya murmushi, ba ya jiƙewa. Yatsa ɗaya yake ɗorawa, ya ɗaga, ya sake ɗorawa.

Ni kuwa na san wannan mutumin. Duk wanda ya yi aiki a wannan ƙasa da iƙama, takardar izinin zama, a aljihu ya san shi. Wani yana aiki kamar zai mutu, wani yana tsaye a inuwa yana kallo, kuma in an tashi rabo da shi za a raba. Kallo ɗaya na yi masa na ce, kafili ne, ubangidan da zaman baƙo ke hannunsa.

Da Juma'a ta zagayo, bayan la'asar, na tara maƙwabta a ɗakina. Masu dako ne irina, da direbobi, da wani tela mutumin Nijar. Na mari na'ura ta kama, na gyara zama na fara aikin tafinta. Idan mawaƙi ya miƙa hannu yana kuka, sai in ce cewa yake a ba shi fasfonsa. Idan yana waige a titi, in ce iƙamarsa ce ta ƙare, yana gudun masu duba takardu. Idan ya buga waya ba a ɗauka ba, in ce kafilin ne ya ƙi ɗauka, ga shi can a baya yana kallonsa. Ba ƙarya nake yi ba, Allah shaida. Abin da idona ya gani shi nake faɗa, in kuma kunnena ya tsinci kalma ɗaya da na sani sai in ɗaure sauran a jikinta.

Wannan zama ya zama al'ada, ya ɗauki shekaru. Duk wanda ya samu sabon kaset nasu a wurin 'yan jirgi, ɗakina yake kawowa. Abin da muke fara dubawa ɗaya ne: shin yaron nan ya samu canjin kafala? Hoto na buɗewa sai ga mai tabarau a baya, ɗaki ya ɗauka da salati. Akwai wata waƙa da aka kai rabinta bai bayyana ba, har telan nan ya miƙe yana yi wa mutane barka, sai ga shi ya fito daga cikin hayaƙi da akwatinsa. Telan ya zauna, ya ce, "Azzalumi, har cikin wuta ya bi shi." Mun yi wa wannan Bature mai kwalli addu'a fiye da yadda muka yi wa wasu danginmu. Kuma in faɗi gaskiya, ta yi mana amfani. Mutum ya kwana bakwai ana yi masa tsawa a rumbun kaya na Khumra, ya zo ya ga Bature ma da nasa, sai ya sha shayinsa ya koma gida da sauƙi a ƙirji. Yawancin mutanen ɗakin nan sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun koma gida. Na'urar ma ta mutu, na jefa kaset ɗin a ɗakin ajiya.

Yanzu in zo kan jikata, 'yar babban ɗana, wadda nake tsokana da amarya, ita kuma take ce mini Sidi kamar yadda yaran nan suke kiran kakansu. A nan aka haife ta. Hausa kam tana ji tsaf, har wadda aka yi da raɗa don kada ta ji. Amma ba ta yi. Tana ƙarama wasu baƙi suka zo daga gida, ta gaishe su, suka fashe da dariya suna kwaikwayon harshenta. Daga ranar ta rufe wannan ƙofa. Ka yi mata Hausa, ta mayar maka da Larabci, cikin ladabi, kamar ma'aikaciyar banki.

Da ban damu ba. Amma bara ta gama sakandare, takardunta ba su ba ta gurbin jami'a a nan ba, aka yanke za ta tafi Kano ta zauna wurin ƙanwata ta yi karatu. Ƙanwata kuwa, wadda aka bari a gida wurin mahaifiyarmu, Larabcinta na salla ne kawai. Abin ya tsaya mini a rai. Na san mutanenmu. Yarinya ta zauna a tsakar gida ba ta magana, ba wanda zai ce kunya ce, cewa za a yi girman kai ne, 'yar Makka ta fi ƙarfin gaisuwa. Za ta yi ciwo ta kasa cewa ga inda ke mata ciwo. Na gwada lallashi, ta yi murmushi. Na gwada yin kurma duk lokacin da ta yi Larabci, sai ta ƙara ɗaga murya, wai tsufa ne. Har ƙanwata ta zo umara da niyyar su koma tare, amarya ba ta furta kalmar Hausa ɗaya ba. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ni da wannan yarinya da hannu za mu riƙa magana?"

Ana saura 'yan kwanaki su tashi, da hantsi, muna neman akwatin tafiya a ɗakin ajiya, sai ga kaset ɗin nan ya faɗo. Amarya ta ɗauka, ta karanta abin da Baturen ya rubuta a jiki, ta yi ƙara. Ashe ta san su. Wai waƙarsu ɗaya ta sake tashe, yara suna ɗora ta a kan gajerun hotunansu na waya. Nan take ta nemo su, ta haɗa wayarta da talabijin na falo. Sai ga mai kwalli, sai ga mai tabarau, ba wanda ya tsufa a cikinsu sai ni. Da siririn sautin nan ya tashi sai da na zauna, don ɗakin Mahjar ne gaba ɗaya ya dawo mini, har ƙamshin shayin.

Ƙanwata ta fito daga kicin tana goge hannu. "Yaya, me wannan yake wa kuka haka?"

Ai kuwa ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na gyara zama. "Zauna, Hajiya, ki sha labari. Wannan bawan Allah da kike gani ɗan ci-rani ne. Wancan na bayan, mai fuska kamar ƙofar kurkuku, kafilinsa ne. Ya riƙe masa fasfo."

Amarya ta juyo ta dube ni kamar na fito da wutsiya. Ta ce da Larabci, "Sidi, wane kafili? Abokai ne tun suna makaranta. Na bayan shi ne ma yake tsara kiɗan duka."

Ƙanwata ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Cewa ta yi ita ma ta ji labarin."

Ba don dabara na faɗi haka ba. Mutuncina nake karewa, da na duk waɗanda suka zauna a ɗakin nan. Ta yaya yarinyar da aka yi wa suna jiya za ta rushe mini aikin shekaru a gaban ƙanwata? Na ci gaba. Mai kwalli ya shiga ɗakin waya, na ce ga shi nan yana roƙon a sabunta masa iƙama.

Amarya ta ce, da Larabcin dai, "Haram alaik, Sidi! Budurwarsa yake kira, ta bar shi. Ba su da iƙama a can, ƙasarsu ce!"

"Me ta ce kuma?"

"Ta ce har yau bai biya shi haƙƙinsa ba."

Ƙanwata ta dafe ƙirji. "Wayyo, ɗan mutane! Allah ya isar maka. Dube shi, ko kunya ba ya ji, ya wani toshe ido da tabarau."

Amarya ta miƙe tsaye. Ta dube ni, ta dubi ƙanwata da ke ta ja wa mai tabarau Allah ya isa. Sai kawai na ji an ce, "Goggo, ƙarya ne! Wallahi duka ƙarya ne. Mutumin nan ba kafili ba, abokinsa ne, shi yana yi kiɗa. Waƙar ta soyayya ce, ya'ni mace ta tafi, halas. Kuma ni ban ce komai da Sidi ya ce na ce ba. Yana sa mini magana a baki!"

Hausa ce. Karkatacciya, mai nauyin harshe, da Larabci yana leƙowa ta ko'ina, amma Hausa ce, kuma ba ta tsaya nan ba. Ta zauna kusa da ƙanwata ta shiga warware mata waƙar tun daga farko, inda kalma ta ƙwace mata ƙanwata ta miƙo mata, ta karɓa ta wuce. Ba wanda ya yi dariya. Suka bi waƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce aka zo sai an ƙaryata ni. Wadda muka yi wa kuka a Mahjar ashe ta rawa ce. Mutumin da muka tsine wa shekara da shekaru ashe shi ne mai basirar, kunya ce ta sa shi tabarau. Ina nan zaune ana sauke ni daga tafinta, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan saukewa ba. Na gode wa Allah, na gode wa Turawan nan biyu, musamman na bayan, wanda nake neman gafararsa a madadin mutanen ɗakin duka.

Da na tsaya nan da na tsira da ɗan abin da ya rage mini. Amma tsoho da baki. Na yi gyaran murya na ce, "To, Hajiya, kin ga aikin manya. Ai da gangan na yi. Dabara ce na shirya don in buɗe bakin amarya."

Amarya ko juyowa ba ta yi ba, idonta na kan talabijin.

Ta ce, "Sidi, tun babana yana rarrafe kake wannan dabara. Bakin wa kake buɗewa a lokacin, in ba naka ba?"