Maki Biyun da Na Hana 'Yar Vimtim

Shekarun da na yi ina koyarwa a Mubi sun yi nisa, har sunayen wasu abokan aikina sun ɓace mini. Amma abin da ya shiga tsakanina da wata ɗaliba a kan kalma ɗaya ta Turanci, wannan kam da shi za a binne ni.

Lokacin muna jihar Gongola. Ni kaɗai ne malamin adabin Turanci a makarantarmu, aji huɗu a kaina, a gajiye nake kwanciya, a gajiye nake tashi. Aka zo jarrabawar gwaji, wadda da ita ake zaɓen waɗanda za a tura sunayensu Yola don babbar jarrabawa. Na ɗauko wata jimla daga tsohon littafin da muke karantawa, inda marubucin ya haɗa kalmar "want" da hikima yana maganar wani attajiri. Na ce su faɗi ma'anarta.

Wa bai san "want" ba? Duk ajin suka rubuta cewa attajirin yana son hikima, yadda na koya musu. Sai wata yarinya 'yar ƙauyen Vimtim, marar yawan magana, ta rubuta cewa ba shi da hikimar ne sam. Ban ko tsaya tunani ba na soke da jan biro. Maki biyu kacal suka rage mata, sunanta bai shiga ba.

Ranar Litinin mahaifinta ya zo a kan tsohon keke, laka har gwiwa, don tsakiyar damina ce. Ya cire hula ya gaishe ni.

"Malam, yarinya na ya dawo gida yana kuka," in ji shi da irin Hausarsu ta can. "Ni ban yi makaranta ba. Amma na daɗe ina dafa wa wani Bature ɗan mishan abinci, shi ya koya mini karatu da tsofaffin littafi. A Turancin da, in an ce mutum ya 'want' abu, wani lokaci babu ne a wurinsa. Ni na gaya wa yarinya. In kuskure ne, nawa ne."

Takardu na jirana, kaina na sara. Na ce, "Baba, Turancin kicin daban, na littafi daban."

Ya yi godiya, ya mai da hularsa, ya ja kekensa ya fita.

Sai da aka kwana uku maganar tana cina sannan na buɗe babban ƙamus na ɗakin karatu. Ga ta nan ƙarara: a tsohon Turanci, "want" na nufin rashi. Na sake karanta jimlar, sai duk labarin attajirin ya zauna daidai. Ashe shekara biyar ina koyar da shi a juye.

Shugaban makaranta ya ce sunaye sun tafi. Na bi mota har Yola, wuni guda a hanya, aka ce an rufe rajista. Da na dawo na nufi Vimtim, na same su a gonar gyaɗa. Na durƙusa na ce, "Baba, kai ne da gaskiya."

"Tashi, Malam," ya ce. "Aiki ne ya yi maka yawa."

Yarinyar ta ci gaba da nomanta, ba ta ɗago ba. Na roƙe ta ta maimaita aji, ta ce to. Ba ta dawo ba. Daga baya na ji mahaifin ya kwanta ciwo, gona ta koma hannunta.

Na yi shekaru bayan haka ina koyar da wannan jimla daidai, ɗalibai suna rubutawa suna hamma, ba su san abin da ta ci ba. Abin da na koya shi ne, in amsa ɗaya ta saɓa wa ta kowa, in ajiye biro in bincika tukuna. Gajiyata ta wuce da hutun ƙarshen zango, amma abin da na yanke a cikinta bai gyaru ba har yau.