Baba Zakka Mai Dafa Kwalta

Kafin 'yan acaɓa su fara kwararowa daga Miri, Baba Zakka ya riga ya hura wuta a ƙarƙashin durom ɗin kwalta. Shekara talatin da ɗaya ya yi cikin masu facin hanya a Bauchi. Ya dafa kwalta da itace, ya dafa da kananzir, daga baya aka kawo inji mai shan gas. Tsohuwar taya ce kawai ya ƙi ƙonawa, ya ce hayaƙinta cikin ɗakunan mutane yake ƙarewa.

Yakan ce wa abokan aikinsa, "Hanya ba ta daina shan mai don an gama ta. Rola ta sha gas, tifa ta sha, in kuma rami ya fito, kowane mashin sai ya ƙara shan fetur a kansa."

Mu a Ƙofar Dumi ba mu san wannan ba. Mun dai san wani tsoho mai shisshigi, wanda in ya ga gas ya zube a titi sai ya tsuguna yana barbaɗa yashi. Sabitu mai gyaran janareto a bakin titin yake wanke kayan inji da gas, ya watsar nan, mu kuma muna bencinsa muna shan inuwa.

Wata rana Baba Zakka ya ce masa, "Ɗana, gas yana cin kwalta. Tara shi a gwangwani, ni zan riƙa zuwa ina ɗauka."

Sabitu ya ce, "Baba, titin gadonka ne?"

Muka kwashe da dariya. Ina jin kunyar faɗa, amma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Damina na sauka wurin da Sabitu ke watsa gas ya rufta. Zinariya mai waina ta faɗo daga mashin a ramin, ta karye a hannu. Nan da nan unguwa ta sami mai laifi, wai facin Zakka ne ba shi da ƙwari. Magana ta kai ofishinsu, saura wata huɗu ya yi ritaya, aka ɗauke shi daga bakin wuta aka miƙa masa tsintsiya. Mu da muka san gaskiya muka yi gum.

Bai kira sunan kowa ba. Ran Asabar ya turo itacen girkin matarsa a baro, ya kankare ragowar kwalta a gindin durom, ya narkar, ya cike ramin muna kallo.

Baba Zakka, kai ne ka rufa mana asiri da sunanka, mu kuwa muka bar ka da ƙazafi. Makon jiya ni da Sabitu muka je ofishin muka faɗi gaskiya, aka ce ai ka riga ka tafi, da shara ka ƙare aiki.

Mun gode, Baba, ka yafe mana. Allah ya ƙara lafiya. Ku da kuke karantawa, ku yi koyi da shi wajen riƙon amana. Kuma in kun san gaskiyar wani, ku faɗe ta tun tana da amfani, mu tamu ta makara.